Neman kalmar Hausa: me za mu kira albashin ma'aikacin da ciwo ya kwantar?

Assalamu alaikum, malamai da abokan aikin fassara. Ina neman mu tsayar da kalma guda ga abin da Jamusawa ke kira Lohnfortzahlung, masu Turanci kuma suke cewa sick pay, wato kuɗin da mai kamfani ke ci gaba da biyan ma'aikacinsa a kwanakin da rashin lafiya ya hana shi fita aiki.

Kafin mu zaɓa, ya kamata mu san gwagwarmayar da aka sha a kan wannan hakki. Ranar 24 ga Oktoba 1956, ma'aikatan ƙarfe na jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus ta Yamma, galibinsu maƙeran jiragen ruwa a Kiel da Lübeck da Flensburg, suka shiga yajin aiki a ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall. Sun haura 30,000, kuma sun kwana 114 a tsakiyar hunturu kafin su koma bakin aiki a Fabrairun 1957. Abin da ya fi yi musu ciwo shi ne, idan ma'aikacin ofis ya kwanta, ana biyan sa albashinsa cur har mako 6, amma mai walda a kamfanin nan guda ba ya ganin ko sisi a kwana 3 na farko, bayan nan kuma sai ya dogara da ɗan abin da asusun inshorar lafiya ya ba shi, wanda bai wuce kimanin rabin abin da yake samu ba. Dokar 1957 ta rage gibin, amma sai da aka yi dokar 1969, wadda ta fara aiki a 1970, sannan su ma suka sami cikakken biyan mako 6.

Wani malami ya kawo "kuɗin jinya", sai dai duk Bahaushen da ya ji haka, kuɗin asibiti da na magani zai fahimta. "Hutun jinya" kwanakin yake nufi, bai taɓo maganar biya ba. Wadda na fi ƙi ita ce "tallafin jinya", domin tallafi abu ne da ake yi wa mutum don tausayi, alhali mutanen nan hakkinsu suka fito nema, irin wanda ake bai wa na ofis ba tare da sun roƙa ba.

Ni dai "albashin jinya" na zaɓa. Na san za a ce lebura lada yake karɓa, albashi na ma'aikacin wata ne, amma ai wannan bambancin ne yajin aikin ya tashi rushewa.

Saura matsala guda da nake son jin ra'ayinku a kai: "jinya" tana nufin kwanciyar mara lafiya, tana kuma nufin kula da shi, don haka wani zai iya ɗauka albashin ma'aikatan jinya ake magana. Idan kuna ganin ruɗanin zai yi yawa a labarun rediyo, sai mu koma ga "albashin rashin lafiya", ko da yake ya fi tsawo a baki.