Wai dole ne sai mun fito mun yi tir?

Abban Legas: Salamu alaikum 'yan zaure. Na san wasu za su zage ni, to bismillah, yau sai na amayar da abin da ke cikina. Jiya a wurin aiki na buɗe kular shinkafata ke nan, wata abokiyar aikina Kirista, wadda muka shekara shida muna zama ofis ɗaya, ta turo wayarta gabana. Hoton Deborah Samuel ne, ɗalibar nan da aka kashe bisa zargin ɓatanci ga Annabi a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a watan Mayun 2022. Ba da faɗa ta yi maganar ba, kuma wallahi da faɗa ne da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi ta san ni, ta san ba ni da mugun nufi ga kowa, amma ta bi shafina na Facebook tun daga sama har ƙasa, ta ga ƙwallo, ta ga Gaza, ta ga kukan tsadar fetur, ba ta ga ko layi ɗaya a kan wannan ba. Na yi ta kame-kame, shinkafar ma ban iya ƙarasa ta ba. A cikin danfo ina ta juya maganar, kuma gaskiya ɗaya ce: tana da hujja. Wajibi ne Musulmi masu sassaucin ra'ayi irinmu mu riƙa fitowa fili muna tir da masu tsattsauran ra'ayi, da sunanmu, a inda kowa zai gani. Shirunmu ne ke ba su ƙarfi. Wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Ustaz Nura: Wa alaikumus salam. Kafin mu je ko'ina, su waye "masu sassaucin ra'ayi"? A wane littafi ka samo wannan rukunin?

Abban Legas: Ustaz ka gane abin da nake nufi mana.

Ustaz Nura: Ban gane ba. Sassauci kishiyar tsauri ne. Igiya ake sassautawa, kuma in ka sassauta ta da yawa akuya ta tsere. In ka ce kai mai sassauci ne, ka yarda ke nan cewa wancan mai ɗaura bam shi ya riƙe addinin da ƙarfi, kai kuwa ka yi masa riƙon sakainar kashi. Ai kyauta ka ba su. Kafafen labaran Turawa ne suka raba mu gida biyu, gidajen rediyo suka fassara mana, mu kuma muka haɗiye.

Sadiq: Abba mai sassauci 😂 shi ya sa Asuba take wuce shi, ashe aƙida ce.

Khadimul Faila: Yau dai ga Ustaz yana gudun tsauri. Allah mai iko.

Malama Binta: To a ce "matsakaita" mana, in kalmar ce ta dame ku. Ai Alƙur'ani ne ya ce ummatan wasaɗan a Baƙara, aya ta 143. Sai a koma kan tambayar yaron.

Ustaz Nura: Malama, wasaɗan a tafsiri adalai ne zaɓaɓɓu, ba wai rabin addini rabin zamani ba. Kuma siffar al'umma ce gaba ɗaya, ba ƙungiya a cikinta ba. Ni Musulmi ne, shi ke nan. Waɗancan kuwa suna da sunansu tun zamanin Sayyadina Ali: Khawarijawa.

Malama Binta: Na ji. To Musulmi shi-ke-nan, wajibi ne ya yi magana ko ba wajibi ba?

Bello Sakkwato: Ku dakata. Mi as sa duk wanda zai zagin Arewa sai ya biyo ta Sakkwato? Majalisar Sarkin Musulmi ta hidda sanarwa ta yi tir da kisan nan, ta ce a kama waɗanda sunka yi. Da anka kama mutum biyu matasa sunka yi zanga-zanga har bakin fada, gwamnati ta sa dokar hana hita. Sarkin Musulmi shi ne shugaban majalisar ƙoli ta addinin Musulunci a ƙasar nan. In nashi bai isa ba, na Abba da ke cin shinkafa Legas ne zai isa?

Sadiq: Atiku ma ai ya yi tir a Twitter, da aka taso masa ya goge, ya ce ba da izininsa aka wallafa ba.

Bello Sakkwato: Kar ka kawo muna siyasa.

Sadiq: Ni na kawo? Shi ya goge, ni ban goge ba. Kuma da ɗan jam'iyyarku ne da tuni ka ce hikima ce.

Abban Legas: Ai abin da Sadiq ya faɗa shi ne maganata. Me ya sa ya goge? Saboda ya ga ɗaruruwan masu zagi, bai ga mu da muka yarda da shi ba. Muna nan muna kallo.

Ustaz Nura: Wannan "shiru" da kake ta maimaitawa cin amanar matattu ne. Malam Ja'afar Mahmud Adam ya yi wa Muhammad Yusuf raddi tun ba a san sunan Boko Haram a Legas ba, aka harbe shi yana jan sallar Asuba a masallacinsa na Ɗorayi ranar 13 ga Afrilun 2007. Malam Albani Zariya ya yi ta warware shubuhohinsu ɗaya bayan ɗaya, aka tare motarsa ranar 1 ga Fabrairun 2014 yana dawowa daga karatu, aka kashe shi da matarsa da ɗansa, Shekau ya fito a bidiyo ya ce su ne. Pantami ya zauna da Yusuf muƙabala a Bauchi tun 2006, faifan yana nan. Ita abokiyar aikin taka ta san waɗannan sunayen? Ba ta sani ba, domin da Hausa aka yi, ita kuma jaridun Turanci take karantawa. Rashin jinta ba shirunmu ba ne.

Khadimul Faila: Jerin ya yi kyau. Saura ka faɗa musu a wane masallaci Yusuf ɗin ya girma. Ba a zawiya ba dai. Masallacin Indimi na Maiduguri, inda Malam Ja'afar ke tafsirin azumi, nan yake zama. Wanda ya shekara yana koya wa yara cewa iyayensu mushirikai ne don sun yi Maulidi, kar ya yi mamaki in yaran suka ƙara gaba suka kafirta shi ma. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Ustaz Nura: Ka ji tsoron Allah. Almajiri ya kauce, malami ya yi masa raddi a bainar jama'a, sai ka ɗora wa malamin? Ina kuke lokacin?

Khadimul Faila: Muna inda bam ya same mu. Yuli 2014 a Kaduna, wa aka nufa bayan rufe tafsiri a dandalin Murtala? Ba Shehu Ɗahiru Bauchi ba? Kun manta da shi a jerinku don ba naku ba ne. Kuma kisan Malam Ja'afar har gobe ana ja-in-ja a kan wa ya yi shi, kar ka yanke hukunci.

Ustaz Nura: Ni ban ambaci wanda ya yi ba. Koma ka karanta.

Sadiq: An fara. Bari in kawo gyaɗa.

Malama Binta: Sau biyu ke nan ina tambaya ana tsallake ni. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya ga abin ƙi ya gyara da hannunsa, in bai iya ba da harshensa, in bai iya ba da zuciyarsa. Harshe yana ciki. Allah kuma ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Duka biyun gaskiya ne, ba su ci karo ba. Ni ban ɗauki laifin kowa ba, ba na kuma neman afuwar kowa. Amma ranar da aka kashe yarinyar nan, a ɗakin malamai na makarantarmu akwai wanda ya ce madalla, da ƙarfi, muna zaune mu tara. Kowa ya sunkuyar da kai kan littafin da yake sa wa maki, har da ni. Ba Shekau ne a wurin ba, ba bindiga, mutumin da muke adashi tare ne. Wannan shirun nake jin kunyarsa, ba na Facebook ba.

Khadimul Faila: Malama, maganar taɓa janibin Annabi daban ce, kar a haɗa ta da Boko Haram.

Ustaz Nura: A nan kam na yarda da kai. Sai dai hukunci na hukuma ne, ba na taron jama'a ba.

Sadiq: Tarihi! A rubuta ranar yau, Ustaz da Khadimu sun haɗu a sahu ɗaya.

Malama Binta: Kun gani ko. Da aka zo inda maganar take da nauyi kowa ya sassauta murya. Ashe akwai masu sassaucin.

Ustaz Nura: Malama a riƙa tauna magana.

Malama Binta: Na girme ka da shekara goma, Nura. Na tauna.

Babagana Yerwa: Ina karantawa tun ɗazu ban so in sa baki ba. Abba, kana cewa wajibi kana zaune a Legas. A unguwarmu a 2012 ko sunansu ba a faɗa, sai dai a ce "yaran nan", shi ma da raɗa. Limaminmu tsoho ne, ya yi huɗuba ɗaya a kan haramcin jini, bai kira sunan kowa ba. Kwana uku aka turo masa takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Da dare muka sa shi a bayan motar itace muka fitar da shi gari, carbinsa ma a kan buzu ya bar shi. Wanda ya gaje shi sai ya koma huɗubar alwala da hukuncin jinin haila har shekara biyu. Ka ce ya yi zunubi? Ni ba zan iya cewa ba. Kuma su wa aka fi kashewa? Manoman shinkafa 43 da aka yanka a Zabarmari a Nuwamban 2020, coci suke zuwa? A ce wa mai makoki ya fito ya rantse ba shi ya kashe ɗan'uwansa ba, wannan ba daidai ba ne.

Abban Legas: Yaya Babagana Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba irinku nake nufi ba. Irina nake nufi, da ba abin da zai same mu.

Alhaji Sani: Ni ina cikin masallacin Juma'a na gidan Sarkin Kano ranar 28 ga Nuwamban 2014. An tayar da kabbara ke nan bam ya tashi. Sama da mutum ɗari suka tafi. Washegari na koma neman ƙanena, takalma na tarar an tara kamar tsibin gyaɗa, a ciki na gane nasa, ƙafa ɗaya. Kuma bai fi mako biyu ba kafin nan Sarki Sanusi ya fito ya ce jama'a su tashi su kare kansu. To ga amsar da aka ba mai magana.

Bello Sakkwato: Allah shi gafarta mai. Ni tambayata guda: da anka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025, Abba ya kai wayarshi gaban matar nan? Da anka tare matafiya a hanyar Rukuba cikin Jos a 2021, anka kashe sama da 20 suna dawowa daga zikiri Bauchi, wa ya bi shafin Kiristan ofis ɗinsu yana ƙirga abin da ya rubuta?

Malama Binta: Gwamnan Edo ya zo Kano ta'aziyya, Bello. A faɗi wannan ma.

Bello Sakkwato: Don tsoron ramuwa ya zo.

Malama Binta: Ka shiga zuciyarsa ke nan. Kuma ga Liman Abubakar Abdullahi na Nghar a Barikin Ladi, da ya ɓoye sama da mutum 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018, ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga. Bai jira ya ga ko wani fasto ya fara yi ba.

Sadiq: Shi ma Amurka ce ta fara ba shi lambar yabo a 2019 kafin wasunmu su san sunansa.

Ustaz Nura: To ka ga abin da nake faɗa. Sai wanda Amurka ta buga wa hatimi ne "mai sassauci".

Khadimul Faila: A bincika dai a ga limamin ɗan wane ɓangare ne.

Sadiq: Kai jama'a 😂

Abban Legas: Wallahi na yi nadamar kalmar nan. Na janye ta. Ku sa duk sunan da kuke so. Gobe Litinin zan koma ofis, me zan ce mata?

Ustaz Nura: Janyewa ba ta isa ba sai ka gane inda kuskuren yake. Zan turo maka karatun Malam na minti arba'in.

Khadimul Faila: Kar ka saurara Abba, zan turo maka na Shehu.

Alhaji Sani: To jama'a, a matsayina na mai kula da zaure zan rufe nan, dare ya yi. Abin da aka cimma: na ɗaya, kowa ya yarda kalmar "sassaucin ra'ayi" baƙuwa ce, mai ita ma ya janye. Na biyu, an tabbatar da hujjoji cewa malamanmu na Sunna sun yi magana har sun ba da jininsu, don haka farillar ta kifaya ce kuma an sauke ta, ba wanda ke bin mu bashin tir. Na uku, masu neman sai mun wanke kanmu su fara wanke nasu. Malama Binta ta kawo wasu bayanai na gefe, Allah ya saka. Khadimu kuma a rage tsokana. Duk wanda ya sake tayar da maganar zan cire shi na kwana uku.

Khadimul Faila: "Malamanmu na Sunna." Alhaji alƙali ne kuma ɗan wasa.

Malama Binta: Na gefe. To madalla.

Alhaji Sani: An rufe. Waɗanda ba su biya gudummawar asibitin Malam Habu ba, mutum 11 ne, gobe zan sako sunaye.