Kwalejin shekara biyu kyauta a Amurka: waɗanda suka shiga su ba mu labari

Yayar Sabon Zuwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanina ya samu bizar DV, wato ta ƙuri'ar katin zama a Amurka, bai daɗe da sauka ba, shekarunsa 26, takardar sakandare kawai gare shi. Ana ta ce masa kwalejojin unguwa na shekara biyu kyauta ne yanzu a Amurka. Ni dai na san Obama ya kawo maganar a 2015, Biden ya sake ɗauko ta a 2021, majalisa ba ta amince ba. To ina kyautar take? Don Allah wanda ya shiga, ko ɗansa ya shiga, ya faɗa mana yadda ya same ta.

Baban Yara, Nashville: Wa alaikumus salam Hajiya. Gwamnatin tarayya ba ta yi ba, jihohi ne kowace da tata dokar. Tamu ta Tennessee tana cikin na farko, Tennessee Promise, zamanin gwamna Bill Haslam, an fara da waɗanda suka gama sakandare a 2015. 'Yata ta shiga. Sai yaro ya cike fom kafin 1 ga Nuwamba a ajinsa na ƙarshe, ya cike FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, ya halarci taron masu ba da shawara, kuma duk zango ya yi aikin sa kai na awa takwas. 'Yata a wurin rabon abinci ta yi nata, tana jera gwangwani a kwali da safiyar Asabar, ta dawo tana cewa bayanta zai ɓalle.

Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne jihar cikon giɓi take yi. Sai an fara cire tallafin Pell da tarayya ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, abin da ya rage daga kuɗin makaranta shi take biya. Pell kuwa in ya cika yana kai $7,395 a shekara, ya fi kuɗin kwalejin gaba ɗaya. Ni direba ne, samuna bai taka kara ya karya ba, don haka Pell ya rufe komai, jihar ba ta ƙara mana ko sisi ba. Maƙwabcina mai albashi mai kauri, wanda ɗansa bai cancanci Pell ba, shi ya ci moriyar sosai. Ban ce shirin banza ne ba, don da ba a yi ta shelar "kyauta" ba, da yarinyar nan ba ta ko cike FAFSA ɗin ba. Ƙanenki dai ba wannan ne nasa ba, na manya daban ne, Tennessee Reconnect.

Ɗan Zango, Bronx: Yaya, mu a New York Excelsior ake kira, tun 2017, ga gidan da samunsa bai wuce $125,000 ba. Amma sai ka ɗauki kiredit 30 a shekara, wato karatu cikakke. Ni ina tuƙa mota da dare, ina aika wa tsohuwa kuɗi Kumasi, ina zan kai 30? Kuma in ka gama dole ka zauna a jihar adadin shekarun da aka biya maka, in ka tashi ya koma bashi. Abin da ya riƙe ni shi ne shirin tallafin ɗalibai na ASAP na CUNY, jami'ar birnin New York: katin jirgin ƙasa, taimakon kuɗin littafi, da mai ba da shawara da ke nemanka in ka ɓace. Matar da aka haɗa ni da ita, sati biyu ban shiga ajin lissafi ba sai ga kiranta. Kunya ce ta mai da ni aji wallahi.

Maman Khalifa, Worcester: Ɗan Zango ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni na koma aji ne da furfura, bayan shekaru ina aikin kula da tsofaffi. A 2023 Massachusetts ta buɗe MassReconnect ga masu shekara 25 zuwa sama da ba su da digiri, a 2024 aka faɗaɗa wa kowa da sunan MassEducate. Kuɗin daga ƙarin harajin kashi 4 cikin ɗari yake fitowa, wanda aka ɗora wa abin da ya haura dala miliyan ɗaya a samun mutum. Nan ba a tilasta karatu cikakke, darasi biyu a zango ya isa, shi ya sa na iya.

Ranar da na buɗe shafina na ga bashin makaranta sifili, na yi guɗa a kicin. Sai dai aji ƙarfe shida na yamma ne, wato daidai lokacin da nake karɓar aikin dare mai ƙarin kuɗi. Duk darasin da na ɗauka, awannin aiki na yar. Ga littafin ilimin sassan jiki wanda lambar shiga intanet ɗinsa sau ɗaya ake amfani da ita, ba damar sayen na hannu. Ga auta da sai na kai gidan ƙawata in ɗauko shi yana barci a kafaɗa. Matan da muka fara tare, waɗanda suka daina babu wadda kuɗin makaranta ya kora, duk haya ce da rashin mai riƙe yara. Sannan ki gaya wa ƙanenki za a yi masa gwajin Turanci da lissafi kafin a ba shi aji, kada ya shiga da ka. Ya samo asalin sakamakonsa na WAEC tun yanzu.

Ɗalibi daga Maraɗi: Mu masu bizar karatu ta F-1 babu mu a lissafin nan ko kaɗan, kuɗin baƙi muke biya, ninkin na 'yan jiha ko fiye. Kada wani a gida ya karanta wannan ya sayar da gona.

Malam na Memphis: Baban Yara, ka manta ba ka faɗa ba, asusun Tennessee Promise daga rarar kuɗin cacar jiha aka kafa shi. Ni wannan ya tsaya min a rai lokacin ɗana.

Baban Yara, Nashville: Haka ne Malam, ban manta ba, gudun buɗe wata muhawarar na yi. Na tambayi limaminmu, ya ba ni amsar da ta kwantar min da hankali, amma ba zan yi fatawa da bakinsa ba. Kowa ya tambayi nasa.

Yayar Sabon Zuwa: Allah ya saka da alheri. Yana Detroit ne wajen kawunmu, wata huɗu ke nan. Zai iya nema yanzu?

Maman Khalifa, Worcester: Jihar Michigan, inda Detroit take, tana da nata Reconnect tun 2021, shekarunsa sun kai, kuma mai katin zama yana iya cike FAFSA. Amma suna neman mutum ya shekara a jihar tukuna. Ya yi katin shaidar jiha yanzu don ya zama hujjar zamansa, ya adana takardar haya ko ta albashi mai ɗauke da adireshinsa. Kuma ya duba kwalejin da gidan kawun ke cikin yankinta, don in ya tsallaka wata gunduma akwai ciko da zai biya daga aljihunsa.