Josa na yaren Koriya, me za mu kira shi da Hausa?

Ƴan uwa masu nazarin harshe da masu koyon yaren Koriya ku matso, akwai kalmar da nake so mu yi wa suna. Mutanen Koriya suna ce mata josa, wasu ƴan guntayen kalmomi ne da suke liƙawa a bayan suna domin a gane waye ya yi aiki kuma wa aka yi wa. Mu a Hausa jeri ne ke mana wannan aikin, in ka ce Audu ya mari Bala sannan ka juya sunayen to ka canza wanda ya sha mari. Su kuwa aikau, wato wanda ya yi aikin, yana ɗaukar i ko ga, karɓau, wato wanda aka yi wa, yana ɗaukar eul ko reul, gwargwadon sautin ƙarshen sunan, kana iya juya su yadda ka so muddin aikatau, wato kalmar aikin, yana ƙarshe.

Da nan abin ya tsaya da sai mu ce ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa kalma a ƙarshenta, mu wuce. Amma josa ba sautin ƙarshen suna kaɗai yake kallo ba, har ma'anarsa yake dubawa, wannan fa shi ya sa na ƙi yarda da ɗafa-ƙeya. In yaro ka ba ruwa sai ka ce ai-ege, in fure ka ba ruwan sai ka ce kkoch-e, aiki iri ɗaya amma tunda fure ba mutum ba ne ba dabba ba bai samun ege. In kuma kakanka ka ba wa to ege ya zama rashin kunya, kke za ka ce, in shi ne ya yi aikin ka sa masa kkeseo maimakon ga. Gwamnati ko makaranta ma in ta yi abu sau da yawa eseo suke liƙa mata, wanda asali na wuri ne, kamar dai a ce daga gwamnati abin ya fito.

Wanda ya fi burge ni shi ne yadda suke faɗin son abu. Sagwa-reul joahanda, ina son tuffa, ta ɗauki alamar karɓau. Sagwa-ga jota, tuffar dai ce kuma son ne, amma yanzu alamar aikau ta ɗauka, daidai da yadda muke cewa tuffa ta yi min.

Na san wani zai ce harafi, to yawancin mutane in sun ji harafi baƙi da wasali ne ke zo musu. Kalmar taimako kuma fassarar josa ce kai tsaye daga haruffan Sin, ba ta faɗi komai ba. Su kansu sun sha wannan gardamar, malaminsu Choe Hyeon-bae tossi yake kiransa da tsantsar yarensu, amma josa ne ya zauna a makarantu.

Ni dai rakau na kawo, daga raka, a layin aikatau, karɓau da bayanau. Yana bin suna a baya, kuma ɗan rakiya shigarsa takan dace da wanda ya rako. Daga nan rabon ba wuya, rakau na aikau, rakau na karɓau, rakau na girmamawa. Wasu josa biyu, eun da neun, su ne kawai suke min cikas, don aikinsu ya fi kama da kam ko kuwa, irin na "ni kam na ƙoshi", su nake tunanin mu ce musu rakau na batu. Wanda kunnensa bai karɓi rakau ba ya kawo nasa, amma ya fara gwada shi a kan furen nan da yaron tukuna.