Paramota mara nauyi: waɗanda suka goya ta, me kuka gani?

Bakano a Turin:
Salamu alaikum. Ina shirin sayen paramota ta farko, wato inji mai farfela da ake goyawa a baya a tashi sama da laima, nauyina kilo 68. Malamina a nan Italiya ya ce in nemi mara nauyi. Waɗanda suka goya inji suka yi gudu da shi, don Allah ku faɗa mana yadda kuka ji.

Ɗan Zazzau a Tekzas:
Wa alaikumus salam. Ni Moster 185 na Vittorazi nake tashi da shi, ƙarfin doki 25, injin kaɗai kilo 14 da ɗoriya. Da firam da kujera da fetur, kusan kilo 30 ke hawa bayana. Amma na haura kilo 95, kuma in rana ta ɗaga a nan iska sai ta yi sako-sako, laima, wato fiffiken yadin da ke ɗaga mutum sama, ba ta ɗauka da wuri, inji ma ƙarfinsa ya ragu. Na taɓa aron ƙaramin inji mai siisii 80 (ma'aunin girman inji), na yi ta gudu har ƙarshen fili ƙafata ba ta bar ƙasa ba. Kai da kilo 68 ba ruwanka da wannan.

'Yar Damagaram a Faransa:
Ƙanena, bi maganar malaminka. Miniplane nake da ita, injin Top 80, ƙirar ƙasar da kake ciki, wajen kilo 20 in ba mai. Amfaninta na fitowa da asuba in iska ta kwanta: ka ja laima ta faɗi gefe, ka koma ka shimfiɗa, ka sake goyawa. Da inji mai nauyi, a karo na uku gwiwa ta gaji, kuma gajiyayye ne ke tuntuɓe. Sannan kada ka cika tanki don tashin rabin awa. Lita 10 ta fetur kilo 7 da rabi ce, kai za ka ɗauke ta.

Mai Walda:
Ni firam ne damuwata, don sana'ata ke nan. Alminiyam in ya lanƙwashe nakan miƙe shi ko in sauya sandar. Titaniyam ya fi ƙwari, amma ba kowane mai walda ke iya shi ba, sai da iskar argon da hannu mai tsabta. Kabon kuwa in ya tsage, sai sabo.

Abin da ba na yarda a taɓa don rage nauyi shi ne keji da raga, wato zobe da ragar da ke kewaye farfela. Na ga zoben keji mai laushi ya lanƙwasa lokacin da igiyoyin laima suka danne shi, farfela ta cinye igiya biyu. Allah ya kiyaye, mutumin yana ƙasa. Kuma ka goya injin tukuna kafin ka tayar da shi; tayarwa a ƙasa ita ke yanke wa mutane yatsu.

Bakano a Turin:
Allah ya saka muku da alheri. Zan gwada Top 80 da Atom 80, ƙaramin injin Vittorazi, wurin malamina ranar Asabar. Malam Mai Walda, yaya zan gwada ƙwarin zoben kafin in biya kuɗi?