Muhawara: In aka bar fili ya huta, daji yakan dawo kuwa?

Dattijo daga Mai'aduwa:
Salamu alaikum. Ni dai filin da ya mutu ya mutu. Gonar mahaifina da ke hanyar Kwangwalam, tun farin 1984 muka daina noma ta. Yau in ka je ba komai sai tumfafiya da ƙarangiya. Ɗorawa biyun da muke hutawa a gindinsu ba su dawo ba. In ba dogon yaro aka dasa ba, ba abin da zai tashi.

Malamin gona daga Daura:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ƙarangiya ai ita ce ke fara zuwa. In ƙasa ta tsiraice, ciyawa mai saurin fitowa ce ke kama ta, ta riƙe yashi kada iska ta kwashe. Sai sabara da kalgo su biyo baya, ganyensu ya zuba ya ruɓe, ƙasa ta soma yin ƙarfi. A inuwarsu ne manyan itatuwa ke samun tsirowa. Ina ganin awaki da gatari ne suka tsayar da gonarku a matakin farko.

Dattijo:
Shekara 40 fa, Malam.

Hajiya daga Zango:
Baba, maganar ɗorawa mu mata ya kamata a tambaya. Kowace shekara mukan tattara kalwa kaf mu yi daddawa, ƙwaya ɗaya ba ma barin ta a ƙasa. Ina za ta tsiro? Sabara kuwa ko ka sare ta, baɗi za ka ga toho a kututturen, don saiwarta na nan da rai.

Ɗalibi daga Katsina:
Wannan tohon da Hajiya ta ambata shi ya farfaɗo da ƙasar Maraɗi. Tun 1983 Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya riƙa nuna wa manoma su bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kan kututture, su datse sauran. Ana kiransa sassaben zamani. Yau hekta wajen miliyan 5 a Nijar sun sake samun itatuwa ba tare da dashe ba. Gawo ya fi yawa, shi kuwa da damina yake zubar da ganye, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa.

Malamin gona:
Dogon yaro kuma baƙo ne daga ƙasar Indiya. Yana tare iska a bakin gona, amma inuwarsa tana hana hatsi girma.

Dattijo:
Na ji ku. Amma ban yarda dajin da zai dawo shi ne na da ba. Barewar da muke gani muna yara, gawo ba zai kawo ta ba. Duk da haka zan sa ɗana ya zagaye kusurwar gonar da ƙaya kafin damina, mu ga abin da sabarar za ta yi.