Aikin ido da leza, da gaske ana rabuwa da gilashi? Kuma zai yi wa Baba?

Malamin Firamare:
Salamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu sani ina neman ƙarin haske akan aikin idon nan da ake yi da leza, wato wani haske mai ƙarfi. Ni dai tun ina aji biyu a sakandare nake saka gilashi, abu na nesa ne bana gani, yanzu shekarata 27 ina koyarwa a wani ƙauye wajen Ringim. In na cire gilashin wlh yaron dake bencin baya sai dai in gane shi da murya. Ga hawa mashin, kullum sai na tsaya na goge shi da bakin riga saboda ƙura, bara kuma a gona ya faɗi na taka shi da ƙafata sai da nai sati biyu ina lalube kafin a yanko min wani daga Kano. Na gaji gaskiya.

Na biyu kuma Babanmu ne, idonsa na dama yayi fari fat yanar ido ta rufe shi, na hagun ma ya fara ganin hazo hazo. Shi ko kaɗan baya son jin maganar wuƙa, shine nace masa ai yanzu haske kawai ake haskawa. Na faɗa ne dai dan hankalinsa ya kwanta. Toh aikin ɗaya ne zai yi mana mu biyun?

Nas ɗin Ido:
Wa alaikumus salam Malam. A'a ba ɗaya bane, naka daban na Baba daban, kuma nan ne mutanenmu ke yawan ruɗewa, da sun ji leza sai su ɗauka maganin komai ce.

Naka sunansa LASIK. Ka san gaban ƙwayar ido akwai wata fata garai garai kamar gilashi wadda haske ke ratsawa, kaurinta duka duka wajen rabin milimita ne. Ita ake ɗaga samanta kaɗan, leza ta kankare ciki daidai gwargwadon lambar gilashinka, a mayar a rufe, wato aikin da tabarau ke yi ne aka sassaƙa a jikin idon. Akwai wani kuma PRK, shi ba a ɗaga komai daga sama ake yi, sai dai yafi ciwo kuma yafi daɗewa bai warke ba. Amma ba kowa ake wa ba. Sai ka haura 18, lambarka ta tsaya cak aƙalla shekara guda bata ƙaru ba, sannan a auna kaurin fatar nan, in siririya ce ko ta fara tsini likitan kirki bazai taɓa ka ba ko nawa zaka biya. Mai ciki da mai shayarwa jira suke, haka mai suga da bai daidaita ba. Sannan kar a ɓoye maka, in ka haura 40 mai yiwuwa ka koma neman gilashin karatu, wannan tsufan ido ne bai da alaƙa da aikin.

Shi kuwa Baba yana ce, tana can ciki bayan baƙin ido, ƙwayar da ke tattara haske ce ta dishe. LASIK bata isa wurin ba. Ciro ta ake a sa ta roba, ana kashe wurin baya jin zafi, yana farke, galibi washegari a cire bandeji. A kai shi a duba, a Kano akwai asibitin ido na ECWA, akwai asibitin ido na Makkah, akwai na Malam Aminu Kano, kuma ku roƙa a auna masa hawan jinin ido gaba ɗaya dan shi wannan abinda ya cinye baya dawowa.

Ɗan Haɗejawa:
Ni an min a Alƙahira lokacin ina karatu. Malam abinda yafi bani tsoro ma ba lezar bace, wani ɗan ƙarfe ne da suke maƙale fatar ido dashi kar ka ƙifta. Maganin ɗigawa kawai suka sa min, ba allura. Sai naji an danna idon, gani ya ɗauke na ƴan daƙiƙu, a raina nace shikenan na jawo wa kaina, can sai ya dawo akace in kalli wani ɗigon haske kar in motsa. Sai wani ƙauri kamar ana babbakar kan rago. Lezar kanta bata kai minti ɗaya ba a kowane ido, duka cikin rabin awa na fito. Ranar dai hawaye da yaji kamar an watsa min yashi, da safe kuwa na karanta rubutun shagon tsallaken titi daga taga, sai da na laluba fuskata ko gilashin na nan.

Abinda ba kowa zai gaya maka ba shine bushewar ido. Na dawo gida ana tsakiyar hunturu, wata da watanni ina yawo da maganin ɗigawa a aljihu kamar mai sayarwa, kuma har yau in na biyo hanyar Haɗeja da daddare fitilar mota tana min wani zobe a kewaye, ya ragu sosai amma bai tafi duka ba. Kai da kake kan mashin kar ka yarda a yi maka lokacin hazo ko lokacin sussuka, kuma an hana murza ido, ga komawa wajen likita ba sau ɗaya ba, ka lissafa kuɗin mota a ciki.

Uwar Biyu:
Ƙanina ni dai roƙona ɗaya, tunda Baba na tsoron asibiti ku sa ido kar wani ya ja shi wajen masu ture yana da tsinke da ke bin kasuwannin ƙauye. Haka aka yi wa kawuna, ranar har da murna wai yana ganin haske, kafin sati idon ya kumbura yayi jajir baya barci, da muka kai shi asibiti akace an makara. Ku samo masa wani tsoho sa'ansa da aka yi wa aikin yana su zauna su yi hira, zai fi jin tasa akan taku.

Na Gumel:
Kai Malam ka bar gilashinka, shi yasa yara ke ganin kwarjininka 😂 in ka cire wa zai yarda kai ne ke koyar da lissafi.

Malamin Firamare:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Anti Nas gaskiya lambata ta ƙaru a gilashin da aka yanko min bara, kenan nawa sai na dakata na sake gwaji. Yaya Uwar Biyu kamar kin sani, akwai ladanin masallacinmu an masa nasa waccan kakar, yau bayan magariba zan je wajensa. Abinda ya rage min yanzu yadda zan warware wa Baba maganar hasken da na riga na faɗa masa. Sannan Anti, in za mu zo Kano sai mun yi sammako dan yankar kati ko, kuma zai iya karyawa kafin mu taho?