Jinin 'yan tseren kwale-kwale: yawansa ne ke aiki ko kaurinsa?

Malam Usman, Gombe

Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin motsa jiki a wata makarantar sakandare, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai game da 'yan tseren kwale-kwale na gasar Olamfik, waɗanda ke tuƙa mita 2,000 cikin minti shida zuwa bakwai. Ana cewa sirrin juriyarsu a jini yake, amma kuma an ce idan aka auna PCV ɗinsu, wato kaurin jininsu, sau da yawa bai fi na sauran mutane ba, na wasu ma yakan ɗan gaza. To, ina fifikon yake? Ina roƙon masana su warware mini, domin in yi wa ɗalibaina bayani mai tushe.

Hajiya Rabi, Kumo

Wa alaikumus salam, Malam Usman. Awon jini shi ne sana'ata, kuma wannan ruɗanin ba kai kaɗai ya kama ba. Gwajin PCV yana nuna kason jajayen ƙwayoyi ne a cikin ɗan jinin da aka ɗiba, ba ya faɗin yawan jinin da ke jikin mutum gaba ɗaya. Idan mai dama kunu ta ƙara gasara ta kuma ƙara ruwa, kaurin bai sauya ba, amma tukunya ta cika.

Da ɗan wasa ya fara atisaye mai tsanani, ruwan jininsa ne ke fara ƙaruwa cikin 'yan kwanaki, alhali jajayen ƙwayoyin sai an yi makonni ko watanni, saboda sai ƙoda ta saki sinadarin EPO, shi kuma ya zaburar da ɓargo ya ƙera sababbi. Shi ya sa awon ke iya sauka alhali jimillar himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyi, tana hawa. Baligi yakan ɗauki jini kimanin lita 5, amma ƙaƙƙarfan matuƙi yana iya haura lita 7, kuma kowane giram na himogulobin yana ɗaukar oksijin kusan mililita 1.34. Jini mai yawa yana cika zuciya sosai, ta riƙa tura mai yawa a kowane bugu, har manyan matuƙa maza su iya amfani da oksijin lita 6 ko fiye a minti guda.

Dakta Bello, Bauchi

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, sai dai in ɗora. Mai gudu da ƙafa shi ke ɗauke da nauyin jikinsa, shi kuwa matuƙi jirgi ne ke ɗauke da shi, don haka jimillar oksijin da jini ke kai wa tsoka ita ce ta fi tasiri, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa zakarun wasan dogaye ne masu ƙirar ƙarfi. A ƙarshen tsere kuma, lokacin da cinyoyi ke zafi saboda taruwar asid, himogulobin ɗin da sinadarin bikabonet na jini su ke rage kaifin asid ɗin.

Abin da ya fi damuna shi ne kada wannan bayani ya sa mu yi sakaci a nan gida. Saurayin da ke tuƙa jirgi a madatsar Dadin Kowa, idan awonsa ya sauka, sai an fara bincika maleriya, tsutsar ciki, tsargiya mai sa fitsarin jini, da ƙarancin sinadarin ƙarfe, kafin a ce atisaye ne ya tsinka jinin. Alamar da ke bambancewa a fili take: wanda jininsa ya ƙaru ƙarfinsa ƙaruwa yake yi, mai ƙarancin jini kuwa haki yake yi, cikin fatar idonsa ya yi fari.

Malam Usman, Gombe

Allah ya saka da alheri. Likita, shin kai yara atisaye Jos zai ƙara musu jini, tunda ana cewa tudu yana yin haka?

Dakta Bello, Bauchi

Ba na zaton zai yi wani tasiri sosai, Malam. Tsayin Jos bai wuce kimanin mita 1,200 ba, alhali masu neman ƙarin jajayen ƙwayoyi sukan zauna a mita 2,000 zuwa 2,500 na tsawon mako uku zuwa huɗu, kuma ko a can ma, wanda ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe ba ya samun abin kirki. Ka kuma ja kunnen ɗalibanka game da allurar EPO da ƙarin jini don wasa, domin haramtattu ne, suna kaurara jini har ya iya daskarewa a jijiya, kuma tun shekarar 2009 hukumar WADA mai yaƙi da amfani da haramtattun magunguna a wasanni take bibiyar awon jinin 'yan wasa lokaci bayan lokaci don gano masu yin haka.